Abin da ya ci hanji ba ya barin zuciya

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da yawa daga masu faɗin wannan karin magana a Kano ko Katsina ba su taɓa taka ko ɗaya daga cikin garuruwan biyu ba, amma mutumin Keana ya san su kamar yunwar cikinsa, domin ƙasarsa ce ke kwance a tsakaninsu, Doma ta yamma, Awe ta gabas. Na aro maganar ne yau saboda wasu maƙwabta biyu da ke cikin jikin ɗan Adam, waɗanda tantani ɗaya kawai ya raba su: kayan ciki a ƙasa, zuciya a sama. Mun saba ɗaukar ciwon ɗaya tamkar bai shafi ɗayan ba. Likitocinsu daban, ranar ganinsu a asibiti daban, kati ma wani lokaci daban.

Duk wanda ya saba zaman makoki a yankin nan ya taɓa jin irin wannan hira. Bayan an yi addu'a, wani dattijo ya matso kusa da babban ɗan mamaci: "Ya ƙarin haƙuri? Ashe Malam ya daɗe yana jinya?" Sai ɗan ya ce, "Wallahi Kawu, kansa ce aka ce a hanji. An yi wa Baba aiki, an ɗora shi kan magani, har ya fara cin tuwo. Shekaranjiya da ƙafarsa ya je masallaci. Cikin dare kawai ya ce ƙirjinsa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa." Sai kowa ya ce kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Haka ne, kwana ne ya ƙare, ba mai ja da wannan, Musulmi ko Kirista. Amma kowane ajali da sababinsa, kuma sababin da aka bayyana a nan bai yi kama da aikin kansa ba. Ita kansa, idan ta tashi kisa, galibi a hankali take yi: rama, ƙin abinci, kumburin ciki, kwanciya ta makonni. Mutumin da ke murmurewa ya dafe ƙirji cikin dare ya tafi cikin awa guda, cikin abubuwan da likita zai fara zargi akwai zuciya, akwai kuma gudan jini da ya toshe hanyar huhu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da zarar an ambaci kansa a kan mutum, sai kowa ya mance yana da zuciya, daga iyalinsa har ma'aikatan lafiya. Alhali a cikin dukkan ɗawainiyar mai kansar hanji ko tumbi ko maƙoshi, kare zuciyarsa shi ne ɓangare mafi araha, kuma shi ne ɓangaren da Abuja ba za ta iya yi wa Keana ba, domin a gida abin ke faruwa.

A 2019 mujallar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta buga wani babban bincike da Kathleen Sturgeon da abokan aikinta suka yi a Amurka. Sun bi bayanan masu kansa fiye da miliyan 3 da dubu 200 da aka gano cutarsu tsakanin 1973 da 2012. Kashi 38 cikin 100 kansar ce ta kashe su, kashi 11 kuma cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. A cikin masu kansar babban hanji da dubura adadin ya kai kusan kashi 14. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken ba waɗannan alƙaluma ba ne, lokacin ne: shekarar farko bayan gano cutar ita ce mafi haɗari ga zuciya. Wato ba sai mutum ya warke ya tsufa ba. A daidai lokacin da ake yanka, ake kemo, wato ba da maganin kashe ƙwayoyin kansa, ake zarya tsakanin gida da asibiti, a lokacin ne zuciya ke cikin garari.

Wani bincike daga Suwidin, wanda aka buga a 2012, ya ƙara matso da abin kusa. An bi mutane sama da miliyan 6 daga 1991 zuwa 2006, aka ga cewa a makon farko bayan an gaya wa mutum yana da kansa, haɗarin mutuwarsa ta ciwon zuciya ya ninka na sauran mutane fiye da sau biyar. A wannan makon ba a ma fara ba shi magani ba tukuna. Labarin ne kawai ya shiga kunne. Idan muka ce baƙin ciki ya sa wa wane ciwon zuciya, ashe ba adon magana kaɗai muke yi ba.

Na san abin da mai karatu mai lura zai ce, kuma yana da gaskiya. Zai ce wannan lissafin masu ƙoshi ne. A Amurka kusan biyu cikin uku na masu kansar babban hanji suna haura shekara biyar da rai, don haka suna da lokacin da wata cuta za ta riske su. Mu kuwa fa? A nan jini a bayan gida sunansa basir, kuma mai maganin basir yana kowace tasha da lasifikarsa. Ciwon ciki sunansa olsa. Mutum zai yi wata shida, ya yi shekara, yana shan jiƙe-jiƙe, sai ran da hanji ya toshe a kwashe shi zuwa babban asibitin Lafiya ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Keffi. Likitocin fiɗa na Najeriya, musamman na Ile-Ife da suka daɗe suna bibiyar wannan cuta, sun nuna cewa mafi yawan masu ita suna isowa ne a mataki na uku ko na huɗu. Kansar hanta kuwa ta fi haka muni. Wani bincike na ƙasashen Afirka da aka buga a 2017 ya nuna cewa, in aka cire Masar, rabin masu ita ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano ta, kuma da yawansu magidanta ne masu shekara arba'in da 'yan kai. Wanda ke cikin wannan hali, zancen kare masa zuciya bai da wani tasiri mai yawa. Abin da zai cece shi ya wuce tun yana jariri, ranar da ya kamata a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda sai a 2004 ya shiga jerin alluran yara a Najeriya.

Na yarda da wannan duka. Amma a duba waɗanda suka rage. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 Najeriya ta sami sabbin masu kansa kusan 128,000, kimanin 8,000 daga cikinsu a babban hanji da dubura. A cikin waɗannan akwai 'yan kaɗan da suka iso da sauran dama, aka yi musu aiki, aka ɗora su kan kemo. Su ne aka sayar wa riɗi da doya tun suna gona, aka kai sa kasuwa, aka jinginar da fili. Su ne kuma suka fi kowa shiga haɗarin da nake magana a kai, domin wani ɓangare na haɗarin a cikin maganin yake.

Ƙashin bayan maganin kansar hanji da tumbi wani sinadari ne da likitoci ke taƙaita sunansa da 5-FU. Tsohon magani ne, tun 1957 Charles Heidelberger ya haɗa shi a Amurka, kuma har yau ba a sami abin da ya ture shi ba. Sai dai yana da wani hali: a jikin wasu mutane yakan sa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya su tsuke ba zato, jini ya ragu, ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, zafin ya gangara hannu ko ya hau haɓa, gumi ya karyo. Rahotanni sun bambanta a kan yawan faruwarsa, daga mutum 1 zuwa kusan 19 cikin 100, gwargwadon yadda aka ba da maganin da kuma yadda aka sa ido. Yakan bayyana ne tun a zagaye na farko, sau da yawa cikin kwana uku da farawa, kuma yana iya kama wanda bai taɓa ciwon zuciya ba, ko da yake mai tsohon ciwo ya fi shiga haɗari. Idan aka dakatar da maganin nan take, aka ba da magungunan buɗe jijiya, yawanci abin yakan lafa. Idan aka ci gaba da shi, yana iya kai wa ga bugun zuciya ko mutuwar fuju'a.

A da, ta jijiya kaɗai ake ba da shi, mai jinya na kwance a gaban nas. Daga 1998 aka sami ƙwaya, kafesitabin, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Xeloda, wadda jiki ke mayarwa 5-FU bayan an haɗiye ta. Ana shan ta safe da yamma na mako biyu, a huta mako ɗaya. Ga mutumin Keana wannan rahama ce babba, don ta rage masa kwanan asibiti da kuɗin mota. Amma a lura da abin da ya faru: kemo ya bar asibiti ya koma ɗakin Baba a Giza ko Kadarko ko Aloshi, shi kuwa sa idon da ke tare da shi bai biyo shi ba. Yanzu a ɗauka ran kwana na biyu ƙirjinsa ya ɗauki zafi. Mutumin da ya shekara yana fama da ciki, me zai kira wannan zafi? Olsa ce ta tashi. Za a aika yaro wurin mai kemis ya karɓo farin maganin olsa na ruwa, ko uwargida ta jiƙa masa kanwa. Zafin ya ɗan lafa da kansa, kamar yadda tsukewar jijiya kan yi. Da yamma ya sake haɗiye ƙwayoyinsa, saboda likita ya ce kada a tsallake, kuma kowa a gidan ya san nawa aka sayo su. Biyayyarsa ga likita da tausayin kuɗin 'ya'yansa su ne za su kai shi ga kashi na gaba. Ba wanda ya yi sakaci a gidan. Abu ɗaya ne kawai ba a gaya musu ba.

Ba 5-FU kaɗai ba ne. Avastin, da ake ƙarawa a kansar hanji da ta bazu, da Nexavar na kansar hanta, dukkansu suna tayar da hawan jini. Herceptin, da ake bai wa wasu masu kansar tumbi, yana iya raunana tsokar zuciya. Gashi da na'ura a kan kansar maƙoshi kuwa, da yake maƙoshi ta bayan zuciya ya ratsa, da wuya hasken ya bar ta gaba ɗaya. Waɗannan na ambace su ne a gurguje, don masu iya kai wa gare su a ƙasar Keana ba su da yawa.

Gudan jini shi ne ya shafi kowa, mai kuɗi da talaka. Labarin gano shi ma abin tausayi ne. A 1865 wani babban likita a Faris, Armand Trousseau, ya bayyana cewa idan jijiyar mutum ta riƙa kumbura tana toshewa ba dalili, a nemi kansa a cikinsa. A farkon 1867 ya ga alamar a jikinsa shi kansa, ya gane abin da take nufi, kuma a wannan shekarar kansar tumbi ta kashe shi. Kansa tana sa jini saurin daskarewa, kuma a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi yau, kansar tumbi da ta fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, su ne a sahun gaba. A haɗa wannan da fiɗar ciki, da kwanciya ta kwanaki, da ƙarancin ruwa a jiki saboda amai da zawo, sannan a ɗora tafiyar komawa gida: daga Abuja a bi Keffi, a bi Akwanga, a sauka Lafiya, a sake neman ta Keana, mutum huɗu a kujerar baya, ƙafa a tanƙwashe awa da awanni. Bayan kwana biyu sha-raɓa ɗaya ya kumbura, ya yi zafi. Mu kuma me muka sani game da kumburin ƙafa? Sanyi ne, ko an taka wani abu. Sai a kawo ruwan zafi da man zafi a yi ta murza. Idan gudan ya ɓalle, huhu zai nufa, numfashi ya sarƙe, sai ka ji an ce yana cikin magana ya faɗi.

Akwai rigakafin wannan. Wani gwaji da aka buga a 2002 ya nuna cewa ci gaba da allurar tsinka jini har mako huɗu bayan fiɗar kansar ciki ya rage gudan jini daga kashi 12 zuwa ƙasa da kashi 5. Amma ba abin da mutum zai yanke wa kansa ba ne, domin ƙarin da ke cikin hanji ko tumbi dama yana tsiyayar da jini, kuma maganin tsinka jini zai iya mayar da tsiyaya ta zama ambaliya. Gaba kura, baya sayaki. Likita ne zai auna, ya zaɓi wanda ya fi sauƙi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne a sallami mutum ba tare da an ma yi wannan awon ba, ba a kuma ce wa matarsa ta riƙa duba ƙafafunsa ba.

Wannan tsiyayar jinin tana da wata illa ta daban. Mai kansar hanji yakan yi watanni yana asarar jini kaɗan-kaɗan, har tafin hannunsa ya yi fari. Jini in ya yi ƙaranci, dole zuciya ta ƙara gudu don ta isar da iska ga jiki. Zuciyar saurayi za ta jure. Ta ɗan shekara sittin da hawan jini ya daɗe yana ci ba za ta jure ba. A Najeriya kuwa kusan ɗaya cikin uku na manya yana da hawan jini, da yawa ba su sani ba. Wanda ya sani ma, ran da aka ce kansa ce, abin da iyali kan fara yi shi ne rage masa kaya: "Magani ya yi wa Baba yawa, a ajiye na hawan jinin nan tukuna." Sannan ga magungunan kashe zafi na kemis, irin su daikulofenak da ibufurofen, da ake sha kamar gyaɗa saboda maganin zafi mai ƙarfi irin mofin ba ya samuwa sai a manyan asibitoci. Suna ɗaga hawan jini, suna tara ruwa a jiki, suna cin bangon tumbi, suna gajiyar da ƙoda. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya rame, yana amai, in ya ci gaba da shan tsohon adadin maganin hawan jininsa, jinin na iya faɗuwa ƙasa ya sume. Don haka ba a ce a ci gaba ba, ba a ce a daina ba. A auna ne.

Ba zai yiwu a yi zancen zuciya da tumbi a Keana a tsallake gishiri ba. Garin nan da gishiri aka san shi tun kaka da kakanni, matan Alago ne ke kankare ƙasa, su tace, su dafa, kuma bikin Oyarore shaida ne kan matsayin wannan sana'a a wurinsu. Ba na cikin masu ɗora musu laifi. A ganina gishirin da ke cika tukunyarmu yau ya fi fitowa daga leda da kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa uku-uku, huɗu-huɗu a miya ɗaya. Amma gaskiya ɗaya ce ko daga ina ya fito: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yawansa yana tayar da hawan jini, yana kuma cikin abubuwan da aka danganta da kansar tumbi. A Japan da Koriya, inda ake yawan cin abincin da aka adana da gishiri, cutar ta yi katutu, ta kuma ragu bayan firji ya shiga gidaje. Mu ma muna da namu darasin. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Kanwar da ake jiƙa wa mai ciwon ciki 'yar uwar gishiri ce a wurin zuciya. Taba, giya, ƙiba da ciwon suga su ma haka suke, hanji da zuciya tare suke ci. Saboda haka mutumin da ya zo da kansar hanji yana da shekara hamsin ko sittin, kafin a ɗiga masa kemo ko ɗigo ɗaya, akwai yiwuwar zuciyarsa ta riga ta ji jiki.

To me ya sa ba ma ganin wannan a ƙididdigarmu? Bari in kawo wani labari daga Maiduguri. A 1992 wani likitan fiɗa da ya yi aiki a can, Holcombe, ya lura cewa ƙwayar cutar nan ta tumbi, Helikobakta, tana jikin mafi yawan mutanen arewacin Najeriya, amma ga alama kansar tumbi ba ta da yawa. Ya kira abin ɗaurin kan Afirka. Shekara biyu bayan haka aka sa wannan ƙwayar cuta a jerin tabbatattun masu haddasa kansa. An yi ta muhawara, kuma cikin amsoshin da masana suka bayar daga baya akwai wadda ta fi kowace sauƙi: wataƙila cutar na nan, masu leƙa tumbi da na'ura ne suka yi kaɗan, masu rubutawa kuma suka fi su kaɗan. Haka batunmu yake. Ibadan ta buɗe rajistar masu kansa tun 1960, amma har yau kimanin mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista a Najeriya. Muna binne mamatanmu da wuri, ba ma son a taɓa gawa, kuma wanda ya rasu a gida ba likitan da zai rubuta sababi. A fayil ɗinsa na asibiti abin da zai rage shi ne ranar da bai dawo ba. Likitan da ya ba shi ƙwayar ba zai taɓa jin cewa ƙirji ya dafe ba, balle ya sauya yadda yake sallamar na gaba.

Akwai kuma al'adarmu ta ɓoye wa mara lafiya ciwonsa. "Kada a gaya wa Baba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba." Binciken Suwidin ya nuna tsoron nan yana da tushe, ban raina shi ba. Amma a duba kuɗin da ake biya. Mutumin da aka ce masa ƙwayar nan ta ƙarin jini ce, ta yaya zai haɗa ta da zafin ƙirjinsa? Ko da iyali sun zaɓi su sassauta sunan cutar, su faɗe ta a hankali, a gaban limami ko fasto ko aminin da yake jin maganarsa, bai kamata a sassauta bayanin maganin ba. Shi ne mai ƙirjin, shi zai fara ji.

A 2022 likitocin zuciya na Turai suka fitar da kundin ƙa'idojinsu na farko kan kula da zuciyar masu kansa. Kundi ne mai kauri, cike da gwaje-gwajen da ba mu da su. Amma matakinsa na farko kowa zai iya: kafin a fara magani a tambayi tarihin zuciya, a auna hawan jini, a duba suga, a ɗauki zanen bugun zuciya da na'urar ECG. Ba ma buƙatar sabon sashe mai dogon suna a asibiti kafin mu yi wannan. Kuma an riga an gwada a kusa da mu cewa ƙananan ma'aikatan lafiya za su iya riƙe hawan jini. Daga 2020 Jami'ar Abuja ta gudanar da irin wannan shiri a ƙananan asibitoci 60 na babban birnin tarayya, aka kuma fara makamancinsa a jihohin Kano da Ogun. Jihar Nasarawa ita ma ba baƙuwa ba ce a irin wannan aiki. A 2020 Gwamna Abdullahi Sule ya ƙaddamar da ƙudurin shekara biyar na kawar da ciwon hanta nau'in C, cutar da ke cikin manyan masu jawo kansar hanta, aka kuma yaɗa gwajinta zuwa asibitocin ƙananan hukumomi. Jihar da ta iya wannan za ta iya cewa duk mai kemo da aka sallama zuwa Keana ko Obi ko Awe, a haɗa shi da asibiti mafi kusa da gidansa, a auna jininsa duk mako, a duba ƙafafunsa.

Kuɗi fa? Asusun tallafin masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a manyan asibitoci shida, ciki har da na Shika da na ƙasa da ke Abuja. Masu kansar hanji da tumbi ba su cikin sahun farkon. Wannan gyara ne da ke wuyan cibiyar binciken kansa ta ƙasa da majalisa. Amma hukumar inshorar lafiya ta jiha ba sai ta jira su ba. Ba a ce ta ɗauki kuɗin kemo ba, wanda zai iya karya ta. Awon jini, ƙwayar hawan jini, zanen zuciya ɗaya kafin a fara, waɗannan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da iyali suka riga suka zuba.

Abin da na fi so in gani kuwa ko sisi ba ya ci, in ban da kuɗin takarda. Likitocinmu suna ganin mutane da yawa fiye da ƙima, na sani, kuma wanda ya duba mutum sittin kafin azahar ba zai zauna ya yi wa kowa lacca ba. To a rubuta. Takarda ɗaya, da Hausa, da Alago, da Tibi, a karanta wa mai jinyar, wadda galibi matarsa ce ko 'yarsa, domin ita ce ke riƙe da ledar magani. A ce mata: in ƙirjinsa ya yi nauyi ko zafi yana kan ƙwayar nan, kada ya sha ta gaba, ki kira lambar nan. In ƙafa ɗaya ta kumbura, kada a murza, a kawo shi. In numfashi ya yi masa wuya ba dalili, kada a jira gari ya waye. A kuma gaya wa masu kemis na gari, tunda su ne ake fara zuwa wurinsu, cewa mai kemo da ya zo da zafin ƙirji ba mai olsa ba ne har sai likita ya ce haka.

Na'urar ECG ƙarama a yau ba ta fi a ɗauke ta a hannu ɗaya ba, akwai masu aiki da batir. Matsalar da aka saba kawowa ita ce ba mai karanta zanen a ƙauye, kuma gaskiya ne likitan zuciya ba zai tare a Kadarko ba. Sai dai nas ɗin da ke can tana da waya. In akwai yarjejeniya da likita ɗaya mai jiran kira a Lafiya ko Keffi, hoton takardar zai isa gare shi ta WhatsApp, amsarsa ta dawo, tun yaran gidan ba su gama buga ƙofar mai mota ba.